Ɗan manomin alkama zai shiga jami'a: bashin NELFUND, tallafin jiha, na tarayya ko na kamfani?

Cikin watan Fabrairu na je gaida Baffana, aka ce mini yana lambu. Na iske shi tsugune a bakin kanal yana ɗaure tiyon injin ban ruwa da roba, alkama ta fara fitar da kai, iskar hunturu tana kaɗa ta. Da muka gaisa sai ya ɗauraye hannu ya ce, "Da ma ina nemanka. Ƙanin nan naka bana zai gama sakandare. Na ji a rediyo ana cewa gwamnati na biya wa yara karatu, wani ya ce bashi ne, wani ya ce kyauta ce. Kai da ka yi bokon, wanne za mu nema masa?"

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara lafiya, kafin mu tambayi wanne ya fi tsoka, mu fara tambayar wanne ne kuɗinsa ke zuwa a lokacin da muke bukata."

Wanda ya tashi a gidan noman alkama ya san dalilin wannan amsa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ake shuka, don ta sami sanyi. Tun daga ranar kuɗin gida ya shige ƙasa: iri, kamfa, yuriya, man inji, 'yan ƙwadago. Abin da aka samu a shinkafar damina ma nan yake tafiya. Ba ya dawowa sai an yi yanka an casa, wajen Maris zuwa Afrilu. A Kadawa da Kura da Garun Malam haka abin yake, haka a Auyo da fadamar Haɗejiya, haka a Bakalori. To, a wannan tsakanin ne JAMB ke buɗe rajista, a nan ne makarantu ke karɓar kuɗin jarrabawar kammala sakandare, kuma sau da yawa rajistar sababbin ɗalibai a jami'a ta faɗo ƙarshen shekara, daidai lokacin da uba ya gama sayen taki. Na ga yaron da ya sami gurbi ya rasa shi, alhali mahaifinsa yana da gona kore shar, domin kuɗin yana cikin ƙasa sai bayan wata uku.

Abu na biyu da na gaya wa Baffa shi ne, cikin hanyoyin gida Najeriya da zan lissafa masa babu wadda ke tambayar sana'ar uba, kuma in ban da kuɗin NECO da jiha irin Kano ke biya, babu wadda ke ba yaro ko kwabo yana aji shida na sakandare. Kowacce sai yaro ya riga ya sami gurbi, wasu ma sai ya yi shekara ɗaya ko biyu a ciki. Saboda haka kuɗin JAMB, da na karɓar gurbi, da na mota, da katifa da bokiti da buhun garin da zai tafi da shi, duk daga rumbun gida za su fito.

Bashin NELFUND

NELFUND asusun gwamnatin tarayya ne na ba ɗalibai lamunin karatu, na kuma fara da shi domin shi ne ya fi kusa da hannun kowa. Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokar lamunin ɗalibai hannu a Yunin 2023, aka sake ta gaba ɗaya a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a Mayun 2024. Dokar farko ta ce sai iyalin da samunsu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai an kawo masu tsayawa. Ta biyun ta cire waɗannan sharuɗɗa biyu. Ga manomi wannan babban sauƙi ne, domin ba shi da takardar albashi da zai nuna, kuma neman babban ma'aikaci ko lauya ya tsaya wa ɗansa wahala ce da kunya.

Yadda yake aiki: asusun yana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, sannan wanda ya nema ana tura masa naira 20,000 a wata na abinci da ƙananan buƙatu. Makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi. Ba a duba ƙoƙarin yaro a aji, ba a yin jarrabawa. Abin da ake nema lambar JAMB, da NIN, da BVN, da shaidar cewa ɗalibin makarantar ne. Babu ruwa a kan bashin, abin da ka ci shi za ka biya. Wannan ne ya fara kwantar wa Baffa da hankali, domin tambayarsa ta farko ke nan: "Ba riba a ciki?"

Biya yana farawa shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa. Mai albashi ana cire kashi 10 cikin 100 daga albashinsa, mai sana'ar kansa yana biyan kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami abin yi ba zai iya yin rantsuwa a rubuce a ɗaga masa, amma dokar ta tanadi ɗaurin shekara uku ga wanda ya yi ƙarya a wannan. Idan mutum ya rasu ana yafewa.

Inda nake so manoma su tsaya su yi tunani shi ne nan. Mun saba da bashin gwamnati. Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi a Nuwamban 2015, aka raba wa manoman shinkafa da alkama kayan noma bashi, mutane da yawa suka ɗauke shi rabonsu ne daga arzikin ƙasa, ba su biya ba. Kada mu koya wa 'ya'yanmu su kalli bashin karatu da wannan ido. Yana manne da BVN da NIN na yaron, sunansa ne a kai ba na ubansa ba, kuma zai bi shi har ranar da zai fara neman aure. Bayan wannan, bashi a addini abu ne mai nauyi ko da na gwamnati ne.

Mu yi lissafi. Digirin aikin gona shekara biyar ne. Mu ɗauka yaro ya karɓi naira 20,000 wata goma a kowace shekara: miliyan ɗaya ke nan cif, ba a sa kuɗin makaranta ba. Shi ya sa shawarata ga gidan da ke da hatsi ita ce a karɓi na kuɗin makaranta, a yi nazari sosai kafin a karɓi na wata-wata. Ɗan ma'aikaci a birni komai sai ya saya. Ɗan manomi ana iya aika masa da shinkafa da wake da garin tuwo da kuka da daddawa a motar kasuwa. Wannan gata ne da muke da shi, bai kamata mu ci bashin abin da ke cikin rumbunmu ba. Amma gidan da alkamar nan ita ce komai nasu, ko marayan da kawunsa ke riƙo, ya karɓi duka biyun ba tare da jin nauyi ba, don irinsu aka yi shi.

Rauninsa ɗaya ne babba, kuma ya shafe mu kai tsaye: ba a iya nema sai makaranta ta shigar da sunan ɗalibi, kuma kuɗin kan zo bayan an rufe rajista. An yi ta ƙorafi a jaridu a 2025 kan ɗaliban da suka biya daga aljihu, asusun ya turo kuɗi daga baya, suka sha jira kafin makaranta ta mayar musu. Saboda haka a shekarar farko ku shirya kamar babu shi, ku adana kowane rasit, in kuɗin ya dawo ya zama na shekara ta biyu.

Tallafin jiha

Shi ne wanda iyaye suka fi sani, domin ya daɗe. Kowace jiha tana da hukumar tallafin karatu, kuma kyauta ce, ba a biya. Sharaɗinsa mai sauƙi ne: ka zama ɗan jihar, ka kawo takardar shaida daga ƙaramar hukuma da takardar samun gurbi, ka je tantancewa. Ba sai ka fi kowa a aji ba.

Ni na ci wannan kuɗi, kuma ba zan raina shi ba, ya saya mini littattafai da takalmi. Amma na shekarar farko sai da na kusa gama shekara ta biyu ya shigo, akwai kuma shekarar da ba mu ga komai ba. Ba abin da za ka gina lissafin karatun ɗanka a kansa ba ne. Yana tafiya da gwamnan da ke kan kujera da halin da baitulmali ke ciki.

Alherin jiha ya fi fitowa ta wasu ƙofofin. A Kano, alal misali, gwamnati tana biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin NECO idan sun ci jarrabawar kwalifayin, wanda ke nufin yaron da ya dage a aji biyar ya ɗauke wa ubansa nauyi a daidai lokacin ban ruwa. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rage kuɗin manyan makarantun jiha da rabi, ya kuma amince a biya wa 'yan Kano kimanin 7,000 kuɗin rajista a Jami'ar Bayero bayan da aka ƙara kuɗin. A shekarar ce kuma aka dawo da tura ɗalibai waje, mutum 1,001, zuwa Indiya da Yuganda. Wannan na ƙarshen shi ne iyaye suka fi ji a rediyo, shi ne kuma suka fi ruɗewa a kansa: na digiri na biyu ne, ga waɗanda suka gama na farko da sakamako mafi daraja. Yaron da ke sakandare yana da aƙalla shekara huɗu ko biyar kafin maganar ta shafe shi.

A taƙaice, a cike fom ɗin jiha kowace shekara, ba ya hana komai, in ya zo a gode wa Allah.

Na tarayya da na kamfanoni: kuɗi mai kauri, ƙofa ƙarama

Na haɗa su domin mabuɗinsu ɗaya ne, wato makin da yaro ya tara a shekarar farko, abin da ɗalibai ke kira CGPA.

Hukumar tallafin karatu ta tarayya, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, tana ba ɗaliban makarantun gwamnati tallafin shekara-shekara. Ɗan jami'a sai ya shiga aji biyu, kuma sai yana da maki 4.0 cikin 5.0, sannan ya zauna jarrabawa a kwamfuta. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da ƙara kuɗin da rabi, mai digirin farko da mai babbar difloma da mai NCE daga naira 300,000 zuwa 450,000 a shekara. Gidauniyar MTN tana ba ɗaliban kimiyya da fasaha naira 300,000 a shekara har su gama, amma sai a aji uku, da maki 3.5 zuwa sama, kuma in makin ya faɗi tallafin ya tsaya. Akwai na kamfanonin mai da ke haɗin gwiwa da NNPC, da na kamfanin iskar gas NLNG, da na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur. Waɗannan sun fi karkata ga injiniyanci da likitanci da fannin ƙasa da mai, don haka wanda zai karanta aikin gona ya duba jerin kwasa-kwasan da suka amince da su kafin ya kashe kuɗi a kafe, wato shagon intanet.

Idan aka ɗora su a sikeli da NELFUND, bambancin a fili yake. Waɗannan kyauta ce, kuɗin ya fi yawa, kuma sunan yana ƙara wa yaro daraja wajen neman aiki ko karatun gaba. Amma masu nema dubbai ne, ana gogayya da yaran da suka tashi da kwamfuta a ɗaki, kuma kuɗin ba ya zuwa sai an haye shekarar da ta fi kowacce wuya.

A nan ne na fi daɗewa da Baffa, domin a nan ne gidajenmu ke yin asara ba su sani ba. Yankan alkama ba ya jira. Idan ta bushe aka bar ta sai ta fara zuba, ga tsuntsaye, ga zafin Maris. Uba yana ganin ɗansa ƙato yana makaranta, tafiyar awa biyu, sai ya yi waya: ka zo ka kama mana na kwana goma. Yaro ba zai ce a'a ba, bai ma kamata ya ce ba. Ya dawo ya tarar an yi gwaji biyu, an rufe karɓar aikin gida, darasin kemistiri ya wuce shi. Da haka makin da zai zama 4.1 ya koma 3.2. Na ga wannan da idona ga wani abokin karatuna wanda ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Ya dawo daga yanka hannunsa duk kanta, ya zauna jarrabawa yana gyangyaɗi, kuma bai sake kamo makin nan ba har muka gama, domin makin shekarar farko yana jan na sauran shekaru.

Na ce, "Baffa, kuɗin 'yan ƙwadago na kwana goma nawa ne? Ku ɗora shi kusa da naira 450,000 sau huɗu." Ya yi shiru yana kallon gonar, can ya ce, "To ai sai a nemi masu yanka." Idan akwai tallafi ɗaya da uba manomi zai iya ba ɗansa da hannunsa, shi ne ya ƙyale shi a makaranta a shekarar farko, ya zo gona lokacin hutu.

Sai kuma kwamfuta. Jarrabawar waɗannan tallafi Turanci ce da lissafi da gwajin saurin tunani, da agogo yana tafiya. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar JAMB yana asarar minti goma kafin ya daidaita. Watannin nan da ke tsakanin gama NECO da fara jami'a, a sa shi ya koyi kwamfuta ko da wata biyu ne.

Na ƙasashen waje

Da can hanyar da aka sani ita ce yarjejeniyar musayar ɗalibai ta gwamnatin tarayya, wadda ake kira BEA, da ke kai yara Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari da Masar da sauransu tun daga digirin farko. Ɗalibanta sun sha kukan jinkirin alawus, kuma a 2025 gwamnati ta sanar da dakatar da ɗaukar sababbi. Duk wanda ya zo muku da fom ɗinta yanzu, ku bincika sosai.

Biyu ne nake ganin sun dace a ambata wa ɗan manomi. Na farko tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları. Ana nema ta intanet kyauta daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai neman digirin farko ya kasance bai kai shekara 21 ba, sakamakonsa ya kai kashi 70, likitanci kuwa kashi 90. Suna biyan kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi da alawus, da shekara ɗaya ta koyon Turkanci. Turkiyya ƙasar alkama ce ta gaske, wanda ya karanta noma a can zai ga abin da zai amfane shi a gida.

Na biyu shirin Gidauniyar Mastercard, wanda aka fara a 2012. Shi ne kaɗai cikin duk waɗanda na ambata da ke neman yaro mai ƙoƙari daga gidan da ba shi da ƙarfi, yana kuma tambayar abin da ya yi wa al'ummarsa. A nan labarin ban ruwa da asuba kafin tafiya makaranta abin faɗa ne da alfahari. Ana nema ta hannun jami'o'in da ke cikin shirin, kamar KNUST da Ashesi a Gana da Makerere a Yuganda, da Jami'ar EARTH a Kosta Rika wadda aikin gona kawai take koyarwa, shekara huɗu, da Sifaniyanci. Sai dai can ƙasar ruwa ce da ayaba, ba ƙasar hunturu ba.

Waɗannan su ne suka fi kowanne cika, har sun fi ƙarfin kwatance da na gida. Amma duniya ce gaba ɗaya ke nema, kuma suna buƙatar fasfo da rubutun Turanci mai kyau. A gwada, ba a biyan kuɗin nema. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ƙi yin JAMB ana jiran Turkiyya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Makarantar da aka zaɓa tana sauya lissafin duka

Sau da yawa muna neman wanda zai biya kuɗi mai yawa, alhali muna iya rage kuɗin tun daga zaɓe. Yaron Auyo ko Kafin Hausa da ya shiga Jami'ar Sule Lamido, ko Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, abincinsa daga gida zai riƙa zuwa. Haka ɗan Kura da ya shiga Bayero, ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta. Ga 'ya mace kusancin nan ya fi muhimmanci, domin sau da yawa shi ne ke sa iyaye su amince ta tafi tun farko.

Tsakanin jami'a da kwalejin aikin gona kuwa, ga yadda nake gani. Difloma shekara biyu ce, makin shiga ya fi sauƙi, kuɗin ya fi sauƙi, yaro yana fitowa da aikin hannu da wuri, kuma in ya yi ƙoƙari zai iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. NELFUND yana ba masu yin ta bashi. Amma yawancin manyan tallafin kyauta ɗan jami'a suka fi kallo. Saboda haka yaron da ake ganin zai iya kai maki 4.0 asara ce a tsayar da shi a difloma don gudun kuɗi. Wanda kuwa ƙarfinsa a hannu yake, yana son inji da gona fiye da littafi, difloma ba ƙasƙanci ba ce.

Ba dole ne ɗan manomi ya karanta noma ba, kuma ba na son a tilasta masa. Sai dai ina son yaranmu su daina ganinsa kwas ɗin wanda ya rasa likitanci. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi ta nuna alkamar da Najeriya ta noma a 2021 ba ta kai tan 37,000 ba, Kano ce kan gaba, Jigawa na bi mata, alhali ƙasar tana shigo da miliyoyin tan kowace shekara. A Nuwamban 2023 a Haɗejiya aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na gwamnatin tarayya da kuɗin Bankin Raya Afirka. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin samar da irin alkama, cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru tana da tasha a Kadawa, Bayero tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, kamfanonin fulawa kuma suna ɗaukar malaman gona don bin manoman da suke saya a hannunsu. Duk waɗannan wurare suna buƙatar wanda yake da digiri kuma ya san yadda ƙasa ke nuna ƙishi. A aji huɗu, lokacin da ake fitar da ɗalibai shekarar aikin gona, ɗan manomi shi ne malamin sauran.

Idan za a tambaye ni hukunci, ga shi. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa: gida ya ɗauki shekarar farko, a nemi NELFUND na kuɗin makaranta don kariya, a bar shi ya yi karatu, a aji biyu ya nemi na tarayya, a aji uku na MTN, in ya samu ya daina karɓar bashin. A karanta sharuɗɗa, domin masu ba da kyauta da yawa ba sa yarda a haɗa nasu da wani. Yaro matsakaici, wanda shi ne mafi yawan 'ya'yanmu: makaranta ta kusa, NELFUND, fom ɗin jiha, abinci daga gida, kuma babu abin kunya a ciki. Gidan da ke iya biya daga gona ba tare da an taɓa jarin noma ba, su biya, kada su ɗora wa yaro bashi don kawai ana rabawa.

Takardu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya harafi da harafi a NIN da JAMB da WAEC ko NECO da BVN. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar firamare, ya isa ya tsayar da komai wata shida. Layin wayar da aka yi rajistar JAMB da shi ya zama na yaron ne, ba na mai kafe ba, kuma kada ya ɓata. Takardar ƙaramar hukuma a karɓe ta tun yanzu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunan yaro a jerin masu tallafi, ɓarawo ne.

Akwai abin da ke ci mini rai, na kuma faɗa wa Baffa tun da yana cikin shugabannin ƙungiyar manoman yankinsu. A Amurka manoman alkama ba gwamnati kaɗai suke jira ba. A jihar Kansas ƙungiyarsu tana da tallafi da sunan Herb Clutter, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ana ba yaran da suka gama sakandare za su karanta aikin gona. Gidauniyar alkama ta ƙasar ma ta kafa nata da sunan Jerry Minore. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne idan aka duba tsadar karatu a can, amma yana zuwa a bakin ƙofa, daidai wurin da namu yaran ke faɗuwa. Ƙungiyar da ke da manoma ɗari, in kowa ya zuba kwano biyu ranar casa, an tara abin da zai biya wa yara da dama JAMB da kuɗin karɓar gurbi. Mun iya yin haka don gyaran kanal da ginin masallaci.

Baffa bai ce komai a kan wannan ba a ranar, ya dai ce zai kai maganar taro. Da aka yi casa a ƙarshen Maris, ya sa aka ware buhu huɗu aka kai ɗakin Inna, ya ce ko dillali ya zo da wane farashi kada a taɓa su, na rajistar yaron ne. Ya kuma ba shi kuɗin mota ya je gari ya gyara sunansa a NIN, domin mun duba mun tarar an rubuta sunan kakansa a wurin na mahaifinsa.